Kada Ka Raka Baƙuwar Nan

Abba, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ka da baƙunta, ina gaishe ka da ruwan Manchester, wanda babanku ya rantse ya fi na Birmingham iya jiƙa mutum. Allah ya sa ka sauka a sa'a, ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya haɗa ka da maƙwabtan kirki a unguwar Hulme ɗin nan. Babanku da ƙanwarka Safiya suna nan lafiya, suna gaishe ka.

Na san za ka juya takardar nan ka sake duba rubutun, don ba ka saba ba. Ni ce dai, uwar da ko saƙon waya ba ta iya yi maka sai ta bi ta kan Safiya. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan surukina aka sa maka, saboda haka tun da ka zo duniya ban taɓa kama sunanka da bakina ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Haka aka tashe ni a Kano, haka na ƙunso abina na zo da shi ƙasar nan. To abin da ke cina yau ya fi ƙarfin kunya. Takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, shi ya sa na ɗauko ta.

Tun ranar da muka kai ka ban dawo daidai ba. Ka tuna muna gama shigar da kaya babanku ya koma mota ya ciro kekenka, wanda har yau bakina ba ya son kiran cikakken sunansa, keken guragu. Kana tsaye a bakin ƙofa ka ce masa, "Baba, ku koma da shi Birmingham kawai. Flat ɗin ƙarami ne, there's no space." Na duba falon, na ga filin da zai ci keke uku. Can sai na ga ka buɗe jaka ka fito da kofunan tangaran ɗina masu bakin zinariya, waɗanda ba a taɓa su sai an yi baƙo. Ashe ka sa Safiya ta naɗe maka su a tawul ban sani ba. Ka jera su a kan kanta, ka juyo ka ce, "Umma, yaya kike yi cincin ɗinki yake yin taushi? Matar da za ta zo assessment ranar Alhamis, ina so ta samu abin taɓawa."

Wallahi sai na tsinci kaina zaune a kan kwalin littattafanka. Safiya ta ɗauka gajiyar hanya ce, ta kawo min ruwa. Ba gajiya ba ce. Kaina na gani tsaye a gabana, da gemu da ƙafar roba, ina jera wa baƙuwa kofuna.

A hanyar dawowa babanku ya ƙarasa ni. Ya ce ya ja ka gefe ya tambaye ka me ka shirya gaya wa matar game da abin da zai ishe ka a wata. Ka ce kuɗin haya, da ɗan abinci, da katin bas. Ya ce, "Ɗumama ɗaki fa?" Ka ce za ka sa rigar sanyi. Ya ce, "Tasi fa, ranar da ƙafar ta ƙi?" Ka yi dariya ka ce, "I'll manage, Baba." Ina bayan mota ina jin wannan, na ce innalillahi, ina ta maimaitawa har muka shigo unguwarmu Sparkbrook. Kekenka kuwa yana cikin but ɗin mota yana ta ƙwanƙwasa duk inda muka taka rami.

Bari in faɗa maka abin da ka sani, don in tabbata magana ɗaya muke yi. Matar nan ba ziyara za ta kawo maka ba. Ƙungiyar da ke tallafa wa sojojin da suka samu rauni ce ta turo ta, ta ga yadda kake rayuwa, ta ƙiyasta abin da za a riƙa ba ka duk wata har ka gama koyon gyaran na'urorin asibiti. Da abin da idonta ya gani, da abin da bakinka ya faɗa, da su za ta yi lissafinta. Likita kuma a gabana ya gaya maka, idan ciwon dungun ƙafar nan ya sake buɗewa ba su da sauran wurin yanka sai saman gwiwa. Ranar Alhamis maganar gwiwarka za a yi, kai kuwa kana tambayar yadda ake kwaɓa cincin.

Ba na ganin laifinka. A wurina ka koya, kuma na koya maka da kyau.

Ka tuna karon farko, bayan an sallamo ka daga asibitin sojoji, da ka samu gurbin koyon aiki a can ɗaya gefen Birmingham. Aka ce wata za ta zo daga ƙungiyar ta duba gida. Ni abin da kunnena ya ji daban: baƙuwa za ta zo ta ga asirinmu. Na tashi haiƙan. Na goge gidan nan har bayan firji. Na aro shimfiɗar falo a wurin maƙwabciyarmu Hajiya Mariya 'yar Kumasi, don tamu ta yi sawun tayar keke. Gadonka da muka sauko da shi falo saboda ba ka iya hawa bene, na sa babanku ya kwance shi ya mayar sama. Keken na tura shi rumfar bayan gida na lulluɓe da tamfol. Sandunanka na cusa bayan durowa. Kujerar da kake zama a kai ka yi wanka, ita har mota na kai ta na kulle. Na kunna ɗumin gida har ƙarshe, mu da muke kashe shi mu sa safa biyu. Na dafa shinkafa da kaza, na yi zoɓo, na soya cincin, na turara gidan da turaren wuta. Kai kuma na fito maka da farar shadda da hula, na ce ka sa dogon wando ya rufe komai. Ka sauko kamar ango.

Matar ta zo, siririya mai jar jaka, mai fara'a. Ta yaba gida, ta yaba abinci, ta ƙara cincin. Ta tambaye ka ko kana iya hawa bene. Ka dube ni, na dube ka, ka tashi ka hau ka sauko ba ka dafa bango ba. Da ta miƙe za ta tafi, sai na ce, "Tashi ka raka baƙuwa mana." Ta ce a'a, ka zauna, ta san hanya. Na ce ai mu a wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Ka karɓi jakarta, ka taka da ita har tashar bas ta Stratford Road. Ina tsaye a taga ina kallon bayanka, ina jin daɗi ko ɗingishi ba ka yi ba. Da ka dawo ka shige banɗaki ka daɗe a ciki. Ni kuwa ina kwashe faranti ina cewa alhamdulillahi, Allah ya rufa asiri.

Da sakamako ya zo, abin da aka yanka maka bai wuce kuɗin bas da na abincin rana ba. Na yi ta faɗa, na ce an raina mu, na ce don mu baƙar fata ne. Babanku ya karanta bayanin ya ajiye, ya ce, "Me kike so ta rubuta? Mutumin da ya hau bene a gabanta, ya ɗauki jakarta ya kai ta tasha?" Matar nan ba ta cuce mu ba. Abin da muka shirya mata ta gani, shi ta rubuta. Ni na yi wa ɗana lissafin albashinsa da tsintsiya da turaren wuta. Kai ka biya, da bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, a tsaye, cikin hunturu, har ƙafar ta ruɓe aka mayar da kai asibiti, gurbin karatun ya tafi.

Don haka ka bar ɗakinka yadda yake. Sandunan su zauna a inda hannunka yake kai musu. Kujerar wanka ta zauna a banɗaki. In kwanuka sun taru don ka kasa tsayuwar wankewa, ka bar su ta gani. Ka sa gajeren wando. Ka ba ta ruwa ko shayi a kofin da kake sha kullum, wannan ya isa mutunci. Ni a da ina ganin ƙarya ita ce mutum ya ƙara wa ciwonsa gishiri. Ban san cewa ɓoye shi ma ƙarya ba ce, har sai da na ga an rubuta ƙaryata a takardar ofis an sa mata hannu.

Akwai wata ɓarnar da na yi a zaman nan, wadda na fi daɗewa ban gane ba. Matar ta tambaye ka wa ke maka girki, wa ke maka wanki, wa ke kai ka asibiti. Kafin ka buɗe baki na riga ka. Na ce, "Mu ne. Alhamdulillahi, ba ya buƙatar komai." Babanku, akanta guda, mutumin da yake bin kuɗin kamfanonin mutane har kwabo, yana gefe yana gyaɗa kai kamar an faɗi hadisi. A ganina abin kunya ne a ce uwa tana raye ana lissafa wa ɗanta kuɗin wanki. Ban taɓa tunanin hannuna yana da farashi ba, ko motar babanku tana shan mai idan kai ta ɗauko.

To a Manchester babu hannuna, babu motar babanku. Lissafin da ka yi wa babanku a bakin ƙofa lissafin yaron da ke kwana a gidan uwarsa ne. Ka zauna ka sake shi. Kada ka yi shi da ranar da ka tashi garau rana ta fito. Ka tuno mako mafi muni da ka yi a bara, lokacin da dungun ya kumbura ƙafar ta ƙi shiga, ka bi shi tun daga farkawa har kwanciya. Duk inda ka ga hannuna, ka tambayi kanka nawa bare zai karɓa ya yi. Wa zai kawo cefane ya hawo da shi? Ranar da ba ka iya tsayuwa a gaban murhu, me za ka ci, kuma nawa ake kawo shi? Naman halal ba farashinsa ɗaya da na babban kanti ba, ka sa. Safar dungun nan da ake sauyawa kullum, da man shafawa, da wankinsu a ruwan zafi, ka sa. Tasi zuwa makaranta ranar da ƙafar ta ƙi, da tasi zuwa asibitin da ake gyara ta, ka sa. Kuɗin jirgin ƙasa zuwa gida ma ka sa, don ba zan yarda ka yi sallah kai kaɗai a Hulme ba.

Ɗumama ɗaki kuwa, Abba, wai rigar sanyi! Ni za ka gaya wa rigar sanyi? Ni da nake jin ka ta bango idan sanyi ya shiga ƙashin nan? Ka yi lissafi da tsakiyar hunturu, ba da wannan ɗan ɗumin da ake yi yanzu ba. In ka ga adadin ya yi yawa har ka ji nauyin faɗarsa, kada ka rage ko fam ɗaya. Rage shi aikinta ne in ta ga dalili, ba naka ba ne. Kuma a wannan karon kai za ka amsa da bakinka, babu uwar da za ta riga ka.

Ka tuna abokinka Darren, Baturen nan da kuka yi aiki tare, shi ma aka yanke masa ƙafa a wata guda da kai? Ranar da ya fara zuwa gidanmu na kusa shiɗewa. Yaron nan ya zauna a falona, ya ce ƙafar tana damun sa, ya sa hannu ya zare ta gaba ɗaya ya jingina da kujera, da takalminta da safarta, ya ci gaba da cin tuwo. Ban san inda zan sa idona ba. Sannan a gaban babanku ya shiga ba da labarin abin da ya gaya wa mai ƙiyasin nan: wai ba ya iya tashi daga masai sai da abin dafawa, wai akwai ranakun da ciwo ba ya barin sa ya yi tunani, wai ya ce mata in babu tasi to babu karatu. Yana faɗa yana tanɗe miya.

Yana fita na tafa hannu na ce, "Oh ni! Wannan wace irin tarbiyya ce? Namiji guda ya zauna yana tallan ciwonsa kamar mai bara." Kana wurin. Ka ji ni. Ka sunkuyar da kai, kuma na san a ranar ka ɗaure wa bakinka igiya.

Darren ya gama karatunsa, yana aiki, ya yi aure. Lokacin da aka mayar da kai asibiti ya zo duba ka, muka haɗu a baranda. Ya dube ni da jajayen idanu, ya ce da Turancinsa na 'yan Birmingham, "Mama, me ya sa bai gaya musu ba? Ai da ya faɗa, da sun ba shi mota." Yaron da na ce ba shi da kunya, shi ke tambayata, ni mai kunya, me ya sa ɗana yake kwance. Sai na gyara mayafi na ce masa ƙaddara ce.

Ba bara ba ce, Abba. Mai bara bai ba da komai ba. Kai ka tafi inda aka tura ka da ƙafa biyu ka dawo da ɗaya, kuɗin nan kuma don irinku aka tara shi. Ka kira Darren kafin Alhamis. Ka ce masa ni na ce ya koya maka rashin kunyar nan tasa, in ya zo Birmingham akwai tuwonsa da miyar kuka, ya cire duk abin da yake so ya jingina.

Sai maganar 'yan gida. Da labari ya kai Kano cewa sojojin Ingila sun biya ka diyya, wayata ba ta ƙara hutawa ba. Wannan za ta aurar da 'ya, wancan matarsa ta haihu, wani rufin ɗakinsa ya yaye. Ni kuma daɗi nake ji. Ɗan da aka yi ta yi min jaje a kansa, ga shi ya zama mai bayarwa. Sai in ce, "Ba komai, Abba zai yi wani abu." In zo in faɗa a gabanka kamar da bango nake magana, kai kuma washegari ka tura. Ban taɓa tambayar daga ina ba. Diyyar ai tun tuni ta tafi a gyaran banɗaki da sauran larurori, na sani, amma na ƙi barin kaina ya haɗa lissafin.

Safiya ce ta fasa min ƙwan, kana kwance a asibiti. Ta ce, "Umma, kin san Yaya ya daina cin lunch? Kuma bas ɗaya yake hawa, sauran hanyar da ƙafa yake ƙarasawa. Da kuɗin ya yi gudummawar bikin 'yar Kawu Sani." Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Hotunan bikin nan suna cikin wayata a lokacin, ana ta liƙi, amarya ta sauya kaya kala-kala, ni kuma ina ta nuna wa mata a masallaci ina cewa da hannun ɗana a ciki. Ashe ba hannunsa ba ne a ciki, ƙafarsa ce.

Kuɗin da za a yanka maka na karatu ne da na lafiyarka. Ba na biki ba ne, ba na suna ba ne, ba na rufin ɗakin kowa ba ne. Duk wanda ya kira ka daga gida, ka gaishe shi da ladabi ka ce ya kira ni. Na riga na fara da ƙanina Sani, na gaya masa Abba ɗalibi ne, ɗalibi kuma ba a roƙonsa. Ya yi fushi ya kashe waya. Zai huce. In ka gama ka kama aiki, ka yi zumunci da guminka yadda ka ga dama, ni zan tuna maka da masu haƙƙi.

Abu na ƙarshe shi ya fi min nauyi, na yi ta kewaye shi tun farkon takardar nan. Tun da aka yanke ƙafar ban taɓa zama na duba ta ba. In na shigo kana gyara ta sai in juya in ce na manta wani abu a kicin. Na ce wa kaina kunyar ɗan fari ce. Ina wanke safarka, ina ganin tabo, sai in ƙara sabulu. Tabon yana ƙara faɗi, ni ina ƙara sabulu. Ban tambaye ka ba, kai ma ba ka faɗa ba, muna ta gaisawa lafiya lau, lafiya lau, a kan matakala.

Wata safiya na hawo da wankakkun kaya, ƙofarka a ɗan buɗe. Na gan ka a bakin gado ka cusa tawul a baki ka cije, kana tura dungun cikin ƙafar roba. Naman ya tsage, ya yi baƙi a gefe, wari ya cika ɗakin. Kayan suka zube daga hannuna. Ka san abin da na yi? Na tsince su a hankali don kada ka ji, na sauka, na ce wa Safiya ta je ta tambayi yayanta ko lafiya. Uwa ta ga wannan da idonta, ta aiki yarinya.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta buɗe ciwon ta ja da baya. Ta juyo ta tambaye ni tun yaushe yake haka. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ba gida ɗaya kuke ba?" Na ce gida ɗaya muke. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ci gaba da aikinta. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Har yau in na tuna shirun matar nan sai tsigar jikina ta tashi. Kunyar da iyayenmu suka koya mana abu ne mai kyau, ba zan zage ta ba, amma su a cikin gida mai cike da kakanni da gwaggwanni suka yi ta, inda in uwa ta kau da kai akwai idanu goma da za su duba yaro. Ni na kawo ta gidan da babu kowa sai ni, na kau da kai, babu wanda ya duba.

Saboda haka kada ka ɓoye ƙafar nan wa kowa. Ka ga ja, ka nuna wa likita a ranar. Malaminku ya sa ku tsayuwa mai tsawo, ka ce masa kujera kake so. Matar Alhamis ta tambaye ka yaya ciwon, kada ka ce mata da sauƙi. Da sauƙi amsar gaisuwa ce, ita kuwa ba gaishe ka take yi ba. Ni ma in na zo ƙarshen wata, ka shirya, zan zauna a ƙasa in duba ta da idona, in shafa mata mai. In na yi kuka ka ƙyale ni, na daɗe ina bin kaina shi.

Babanku zai taso ranar Laraba bayan azahar da kekenka. Na goge shi, na sa an ƙara wa tayoyin iska. Ka ajiye shi a tsakiyar falo, inda duk wanda ya buɗe ƙofa zai fara cin karo da shi. Ka ba shi kofunana ya dawo min da su, ɓarawon tangaran kawai. Cincin kuma ba zan faɗa maka sirrinsa ba sai ka kawo min takardar gama karatu.

Na san inda za ka fi shan wuya. Ba wurin tambayoyi ba ne. Sai ta gama, ta rufe jakarta, ta miƙe. A nan duk tarbiyyar da na ba ka za ta motsa, za ka ji muryata a kunnenka tana cewa tashi ka raka baƙuwa mana. Wannan muryar ta tsohuwar ranar ce, kada ka saurare ta. Ka zauna inda kake. Ka yi mata godiya, ka yi mata fatan sauka lafiya, ka nuna mata ƙofa da hannu. Jakarta ita ta kawo ta, ita za ta mayar. In ka ji kamar ƙasa ta tsage don kunya, ka ce mata uwarka ce ta hana ka tashi. Ni na sa ka raka waccan, na ga abin da rakiyar ta ci. Wannan ni na ce ka zauna.

Allah ya ba ka ilimin da ka je nema, ya sa ka gama lafiya. Allah ya kare ka daga sanyi da santsin hanya da mugun abokin zama. Allah ya buɗe bakinka ranar Alhamis, ya sa ka faɗi gaskiyar jikinka ba ragi. Allah ya bar maka gwiwarka, ka yi ruku'u da ita, ka yi sujada da ita, ka durƙusa da ita a gabana in sa maka albarka.

Allah ya tsare min kai, Haruna.

Ka ga na rubuta shi. Ga shi nan, kuma ban mutu ba. Kai ma in ka faɗi naka ba za ka mutu ba.

Wassalam,
Ummanka.